Tsingaron da na mayar a Gulfe

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da atamfa a kasuwar Kusiri da ke arewacin Kamaru, kusan rabin masu cinikina 'yan ƙabilar Kotoko ne, amma ban taɓa taka Gulfe, tsohon garinsu, ba sai hunturun bana. Ƙanin matata ne ya matsa mini. Tarihi yake karantawa a Marwa, da ya zo hutu ya ce, "Yaya, kana zaune a ƙasar Sao, ba ka san ko kabari ɗaya nasu ba?" Sao su ne mutanen dā na wannan yanki, waɗanda Kotoko ke ɗauka kakanninsu. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Na sha jin cewa a can akwai wurin da ake girmama guza, na ce me zai kai Musulmi wurin tsafi.

Asabar da sassafe muka hau mashin muka nufi arewa. Hanyar ƙura ce da ramuka, ga shingayen jami'an tsaro, don haka katin shaida ya zauna a aljihun gaba. Wanda zai je ya je da rani. Baƙar ƙasar nan in ta sha ruwan damina, riƙe taya take yi kamar danƙo.

Gulfe na bakin kogin Shari, tsallaken ruwa Chadi ne. Abin da ya fara tarye mu ragowar ganuwa ce ta ƙasa, wani wuri ta fi tsayin mutum nesa, wani wuri ruwan sama ya lashe ta ta koma tudu, awaki na hawa. Ƙanin nawa ya ce mu fara kai gaisuwa fada kafin mu taɓa komai, kuma da gaskiyarsa. Daga can aka haɗa mu da wani dattijo da ya yi fataucin busasshen kifi zuwa Maiduguri a ƙuruciyarsa, Hausarsa tas.

Shi ya kai mu Goto. Hasumiya ce ta zallar ƙasa, babu dutse babu siminti, wadda a da ake hawa a hango maƙiyi tun daga nesa, kuma nan ne wurin guzan da mutanen garin suka ɗauka majiɓincin birninsu tun kafin Musulunci. Na tsaya daga baya-baya. Dattijon ya lura, ya ce, "Matso, ɗana. Ni ma da asuba a masallaci na yi salla. Wannan abin da kakanni suka bari ne, ba a ce ka yi masa sujada ba." Sai na matsa. A jikin ginin ana ganin sawun yatsu inda aka yi yaɓe, sabo a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa. Na sa tafin hannuna a kan wani sawu, ya kusa yin daidai da nawa. Nan na gane ginin ƙasa ba ya tsayuwa don kansa. Duk daminar da ta wuce ba a yaɓe shi ba, wani abu ya tafi ke nan. A shekarar 2018 Kamaru ta sa Goto cikin jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, amma takarda ba ta kwaɓa ƙasa, hannu ke kwaɓawa.

A gidan tarihin garin na ga randunan Sao. Tun ina yaro nake jin tatsuniyar cewa su ƙattai ne masu saɓa giwa a kafaɗa, kuma wanda ya ga girman randunan zai san inda zancen ya samo asali. Ba na ruwa ba ne kaɗai. A ciki suke zaunar da mamaci, gwiwa a ƙirji, su kife wata randar a kai su binne. Akwai kuma ƙananan siffofin mutane da dabbobi na gasasshen yumɓu. Tun 1936 Faransawa irin su Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka fara tonon tuddan wannan yanki, kaya masu yawa suka tafi Paris. Wannan ya tsaya mini a rai, har yanzu bai sauka ba.

Mun kwana gidan wani abokin ciniki, aka yi mana tuwo da miyar kifi. Lahadi da hantsi muka gangara bakin kogi, inda gaɓa ta zaizaye. Ƙasa cike take da tsingaro, ko'ina ka sa ƙafa. Na tsinci wani mai faɗin tafin yaro, ja, da zanen igiya da aka danna a jikinsa tun yumɓun na ɗanye. Ya burge ni ƙwarai, na jefa a aljihu don in nuna wa yara a gida.

Dattijon bai ce komai ba sai da muka yi nisa kaɗan. Sannan ya tambaye ni a hankali, "Ɗana, in baƙo ya je makabartarku ya ga abu mai kyau, ɗauka yake yi?" Kunya ta rufe ni. Minti kaɗan kafin nan ina jin haushin waɗanda suka kwashi kaya zuwa Turai, ga shi nawa aljihun ya yi nauyi. Ƙanin matata ya ƙara da cewa tsingaro in ya bar inda yake, labarinsa ya mutu, don masu bincike da zurfin ƙasar da abin da ke kusa da shi suke gane zamaninsa. Saboda haka ma in yara suka kawo maka ɗan gunki su ce ka saya, kada ka saya. Kuɗinka ne zai tura su tona wani tudun gobe.

Na koma da baya ni kaɗai, na nemi gurbin har na same shi, ƙasar wurin ba ta gama bushewa ba. Na mayar da shi yadda na gan shi, zanen na kallon ƙasa. Da muka zo sallama na miƙa wa dattijon ɗan abin goro, ya karɓa ya sa mana albarka, ya ce in Allah ya kai mu lokacin yaɓen Goto in zo da yaran, su ga yadda ake yi.