Sharhi dubu biyar ba mutum dubu biyar ba ne

Sana'armu a Gusau ita ce tattara wa masu bincike bayanai. Yanzu duk wanda ya zo so yake a kwaso masa ra'ayin jama'a daga Facebook, don ya fi arha. Arha kuwa ba ta ado.

A ce tambayar a kan tsadar takin zamani ce. Su wa ke rubuta sharhi? Galibi samari ne 'yan boko masu babbar waya da kuɗin data, mazauna Gusau ko Ƙauran Namoda. Mai noman rani a Bakolori saƙon murya yake turawa a WhatsApp, wannan kuma ba ya kwasuwa. Matar aure sau da yawa wayar maigida take ara, sai a ƙirga ta cikin maza. Ƙananan hukumomi 14 ne a Zamfara, amma muryar birni ke danne saura. Wanda kuma ya ɗauki bayanan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, sai ya zaci mutane sun yi shiru ne don ba su da ƙorafi.

Wurin neman kalma ma ana asara. Wani ya rubuta "kuɗi", wani "kudi", wani "kud'i", Bazamfare ya ce "kuɗɗi". Dole a nemi kowacce daban. Daga nan sai tankaɗe: sojojin baka kan liƙa magana ɗaya a shafuka barkatai, don haka muna cire maimaici, mu ƙirga asusu maimakon sharhi. Ma'aikata biyu su ɗauki sharhi 200 iri ɗaya, kowa ya rarraba su, yabo ne ko suka, ba tare da ganin aikin ɗan'uwansa ba, sannan a gwama. Inda suka fi saɓawa shi ne gatse. "Madalla, an kyauta mana" yabo ne a idon kwamfuta.

A rubuta ranar da aka kwashi komai, domin ana goge rubutu, kayan aikin ma na ɓacewa. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta rufe CrowdTangle, manhajar da masu bincike ke bibiyar rubuce-rubucen Facebook da ita, a Agustan 2024.

Ba ma miƙa rahoto sai an gwada shi da abin da mutane suka faɗa ido da ido: aƙalla mutum 384 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, tambayoyi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, mata su shiga gidaje. Garin da matsalar tsaro ta hana mu zuwa, sunansa na shafin farko.