Sama ta yi ja a Whitley Bay, ni kuma na dawo da hotuna dishi-dishi

Har yau in na buɗe foldar nan ta daren 10 ga Mayu 2024 sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Hotunan aurora ne, wato hasken nan mai launi-launi da ke bayyana a sama da dare, galibi can arewacin duniya, sun fi ɗari biyu, amma babu ko ɗaya da zan nuna wa mutum ban ji kunya ba, kuma ba laifin kowa ba ne, ni na yi wa kaina.

Ranar Juma'a ce. Tun da rana waya ke ta ƙara, manhajar AuroraWatch ta jami'ar Lancaster, mai sanar da fitowar hasken, ta koma ja, wato alamarta mafi ƙarfi, ana ta cewa wani ƙaton tabo a jikin rana, AR3664, wanda faɗinsa ya fi na duniyarmu sau goma da wani abu, ya kwana biyu yana feso tururin wuta kuma ya nufo mu. Daga baya aka ce guguwar maganaɗisun da tururin ya tayar, wadda ita ke kawo hasken, ta kai matakin G5, wato mafi tsanani, rabon da a ga irinta tun Oktoban 2003. Ni kam shekara guda ke nan ina karatu a Newcastle ta Ingila ina jiran irin wannan dare, har na fara tara kuɗin zuwa Nowe saboda shi, sai ga shi ya zo har ƙofar gida.

Muka kama hanyar fitilar teku ta St Mary's da ke Whitley Bay, garin bakin teku kusa da Newcastle, ni da abokina ɗan Zariya. A watan Mayu rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen tara, duhun kirki kuwa sai sha ɗaya ta gota, wata ɗan siriri ne kuma bai daɗe ba ya faɗi, babu gajimare. Komai dai ya zauna daidai. Jama'a kuwa kamar filin idi, motoci sun toshe titi, kowa na haske wani da fitila.

Na kafa ƙafa-uku, na ɗora kyamara, na buɗe lens, wato idon kyamara, zuwa 2.8 don haske ya shiga sosai, ISO, ma'aunin yadda take jin haske, 1600, na cire otofokus mai saita gani da kansa kamar yadda ake cewa a yi. To a nan na yi ɓarnar. Maimakon in nemi tauraro mai haske in yi zum a kansa in saita, sai kawai na murɗa zoben fokus har ƙarshe, wai ai ƙarshe shi ne nesa. Ashe yawancin lens na yanzu zoben yana wuce alamar nesan da ɗan kaɗan, in ka kai shi bango ka wuce wurin. Ɗan kaɗan ɗin nan, bai kai faɗin farce ba, shi ya cinye min dare guda.

Kuma abin haushin, a ƙaramin allon kyamara komai ras yake. Kore, ja, ruwan hoda, ina ɗauka ina murmushi ina jin kaina. Sau ɗaya tak da na danna zum a kan hoton farko da na gane. Daƙiƙa biyar! Ban yi ba.

Wajen sha ɗaya da rabi abokin nawa ya dafa ni ya ce, "Mutumina, kai arewa kake ta kallo, ɗaga kanka mana." Na ɗaga. Wallahi ban san lokacin da na ce Subhanallah da ƙarfi ba. Hasken ba a gefen teku yake ba, a tsakar kanmu yake, ya taru wuri guda sannan ya zubo ta ko'ina kamar an buɗe laima, har ta kudu. An sha gaya min cewa ido ba ya ganin launi, fari-fari kawai za ka gani kamar hayaƙi, kyamara ce ke fito da shi. A daren nan kam ido ya ga ja da kansa. Koren daga iskar oksijin yake, kilomita ɗari da wani abu a sama, jan shi ma oksijin ne amma can sama da kilomita 200, shunayyar da ke gefe kuma naitirojin. Na san duk wannan a takarda, amma da na tsaya a ƙarƙashinsa sai na ji ƙafata ta yi sanyi, wata tsohuwa Baturiya kusa da mu har da hawaye.

Na ƙara wata wautar a kan ta farko, na bar shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe tana ɗaukar haske, a daƙiƙa 20 saboda haka na karanta. Wannan lissafin na haske mai rauni ne da ke kwance a gefen sama. In guguwa ta yi ƙarfi ginshiƙan nan motsi suke da sauri, daƙiƙa 20 na dame su kamar kunu, 2 zuwa 5 ya isa, sai ka ɗan ɗaga ISO. Amma gaskiya ko wannan da zan iya haƙuri da shi, hoton da ya ɗan dame ana iya kallonsa. Fokus ne ba shi da magani, babu wata manhaja da za ta mai da taurarin da suka zama kamar ƙwallon auduga.

Sai da na dawo gida dab da asuba, hannu ya ƙage da sanyi, na zuba su a kwamfuta. Na farko, dishi-dishi. Na biyu haka. Na yi ta dannawa da sauri ina cewa ƙila na gaba, ƙila na gaba, har na kai ƙarshe. Fitilar St Mary's kanta ta zama kamar farin alli da ruwa ya taɓa.

Shi kuwa ɗan Zariya, da wayarsa kawai, ya jingina ta da gilashin mota ya sa ta a tsarin dare na daƙiƙa uku, hotunansa tas. Nasa na roƙa na tura wa guruf ɗin gidanmu. Hajiya ta kira tana tambaya ko lafiya sama ta yi haka, na ce lafiya lau Hajiya, ikon Allah ne, har Meziko an gani. Ta ce to madalla da kyamarar nan da ka sa kuɗi ka saya. Na ce amin, na yi shiru.

Da aka sake wata guguwar ran 10 ga Oktoba, tun kafin magariba na saita fokus a kan wani jirgin ruwa can nesa, da duhu ya yi na sake gwadawa a kan tauraro da zum sau goma, sannan na naɗe zoben da salatef baƙi har zagaye biyu. Duk hoto biyar sai na tsaya na duba, har abokin nawa ya fara tsokanata wai in bar kyamara ta huta. Na samu hotuna masu kyau, jan ya fito, taurari kamar an ɗiga su da allura. Amma laimar nan ta Mayu ban sake ganin ta buɗe a kaina ba. Salatef ɗin yana nan a jikin lens ɗin, ban cire ba.