Laraba, Aboabo, Kumasi: zafin tabon tauraro

Bayan azahar, da aka kawo wuta, aka koma kan bayanan TESS, tauraron ɗan Adam da NASA ta harba a 2018. Hasken tauraron da ake bi yana raguwa da kashi 1.5 cikin ɗari a kowane juyi da yake yi a kan kansa, alamar akwai tabo a jikinsa, wato wuri mai duhu da bai kai sauran jikin zafi ba. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, to nawa ne zafin tabon?" Wannan adadin shi kaɗai ba zai faɗa ba.

Ga dalili. Hasken da wuri ke fitarwa yana bin zafinsa ne idan an ninka shi da kansa sau huɗu. A ce jikin tauraron digiri 5,800 ne a ma'aunin Kelbin, kusan kamar Rana, tabon kuma 4,000. Tabon zai ba da kashi 23 cikin ɗari na hasken gefensa. In ya rufe kashi 2 na fuskar, raguwar 1.5 ce. Amma tabo mai digiri 5,000 da ya rufe kashi 3.4 shi ma 1.5 ɗin zai bayar. Ƙarami mai sanyi da babba mai ɗumi, inuwarsu ɗaya. TESS kuwa da launi guda yake kallo, hasken da tsawon zangonsa ya kama daga nanomita 600 zuwa 1,000, don haka ba ya raba gardamar.

Sai an auna da gilasan tace haske daban-daban, B na shuɗi, V na kore, R na ja, da I na hasken da ya wuce ja. Tabo ya fi duhu a shuɗi fiye da ja, kuma ratar da ke tsakani ita ke fito da zafin. A nan ake yawan yin tuntuɓe. Ƙurar hunturu ta fi cin shuɗin haske, sai ta ƙirƙiro ratar ƙarya. Dole a auna wani tauraro marar tabo a hoto ɗaya, mai launi kusa da na farkon, a cire abin da ƙurar ta ci. A ganina, daren da hazo ya yi kauri gara a rufe madubin hangen nesa a je a sha koko.

Hanyar da na fi yarda da ita ta bakan haske ce, wato rarraba hasken tauraro launi-launi kamar bakan gizo. Sinadarin TiO, haɗin titaniyam da iskar oksijin, ba ya jure zafin da ya wuce kimanin digiri 4,000. In an ga sawunsa a tauraro mai zafi, daga tabo ya fito. Ana kwatanta zurfin sawun nanomita 705.5 da na 886: rabonsu ya ba da zafi, ƙarfinsu ya ba da faɗi. Lahaninta, tabo mai ɗumi ba ya bayyana sam.

Ana kiran magariba wuta ta sake ɗaukewa, lissafin gilashin I bai ƙare ba. Gobe daga nan za a ɗora.