Kabad ɗin lauya bayan rasuwarsa

Idan tsohon lauya ya rasu, a wurin zaman makoki ana yawan tuna ƙararrakin da ya ci da gidajen da ya sasanta. Lokacin da Alhaji AbdulGaniyu Folorunsho AbdulRazaq, lauya na farko daga Arewa, ya rasu a Abuja a watan Yulin 2020, shekara 65 ke nan da zamansa lauya a Landan a 1955. Duk wanda ya daɗe haka a wannan aiki, ko da ya yi ritaya, da wuya a rasa kayan mutane a hannunsa. Wannan ne abin da ya fi damuna, domin iyalai da yawa ba sa sanin nauyin da ya hau kansu.

Bayan an share makoki na kwana uku, abu na farko shi ne a kulle ofishinsa ko ɗakin karatunsa, makulli ya zauna a hannun mutum ɗaya. Kada a bari a yi shara ko a sayar wa masu ƙosai da tsofaffin takardu. A cikinsu akwai takardun mallakar filaye na asali, yarjejeniyoyin ciniki, wasiyyoyin da aka ba shi ajiya, da rasit na biyan bashi. Ba dukiyarsa ba ce, amana ce, kuma ba ta shiga rabon gado.

Sai a nemo tsohon akawunsa, don shi ya san fayil ɗin kowa, tare da wani lauya amintacce daga reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta NBA na garin. Su biyu za su buɗe littafi, su rubuta sunan mai fayil, abin da ke ciki, da ranar da aka miƙa masa, ya sa hannu. 'Ya'yan mamaci kada su zauna suna karanta fayilolin. Sirrin da mutum ya faɗa wa lauyansa bai mutu da mutuwar lauyan ba.

A duba da sauri ko akwai shari'ar da ba ta ƙare ba. A ƙarar da ba ta laifi ba, wata uku doka ta bayar a ɗaukaka hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kwana 14 kuma idan hukuncin tsakiyar shari'a ne. Lokacin nan ba ya jiran arba'in. Idan ya wuce, sai an roƙi kotu ƙarin lokaci, ga kuɗi ga wahala.

Maganar kuɗi ta fi kowacce kawo rigima. Tun 1964 ƙa'ida ta wajabta wa lauya ya ware asusun banki na kuɗin mutanen da yake wa aiki, daban da nasa. Magada kan ga kuɗi a asusun da ke ɗauke da sunan mahaifinsu su lissafa shi cikin gado, alhali kuɗin hayar gidan wani ne ko cikon cinikin fili. A fara fitar da wannan, sannan a bi tsarin da Musulunci ya shimfiɗa: kuɗin jana'iza, bashi, wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Hatiminsa na aiki kuma a ɓoye shi, kada wani ya buga a takarda da sunan wanda yake kabari.

Zaman ban kwana da Babbar Kotu kan shirya wa lauyan da ya rasu, inda Babban Joji da Antoni Janar da shugaban NBA suke jawabi cikin baƙar riga da hular gashi, ga Musulmi yakan zo ne bayan an binne shi. Yana da kyau iyali su halarta. A wurin ne ma ya fi dacewa a sanar cewa duk mai takarda a hannun marigayi ya zo ya karɓa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.