Motata ta koma shan mai, ashe birki ne

Sati uku ke nan a-kori-kurata, tsohuwar Hilux ɗin da nake ɗauko dankalin turawa da ita daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada da ke Jos, ta fara shan mai fiye da ƙima. Tafiyar da lita 25 ke isata, sai ga 35 na neman gazawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wallahi kowace lita a ƙirjina nake jin ta.

Na sauya fulogi, na kakkaɓe matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, na ƙara wa tayoyi iska. Babu canji. Har na fara zargin yaron motata a zuci, Allah ya yafe mini.

Jiya wani dattijon bakanike ya ce, "Alhaji, zagaya da ita ka dawo." Da na tsaya bai ko buɗe kan mota ba. Ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana kara bayan hannunsa. A ta gaba ta dama ya janye hannu da sauri: ƙarfen ya yi zafi zau, ga warin ƙuna. Ya ɗaga ta da jak, ya ce in juya tayar. Da ƙyar ta motsa. Tsatsa ta kama fistin birkin, ya maƙale yana riƙe da tayar, injin kuma yana ta fama da shi a hawan duwatsun nan namu.

Yau da asuba na kira yaron na ba shi haƙuri.