Kalmar da Ta Hana Mahaifiyata Barci

Tun daga ranar da ƙanena ya gama horon kuratan soja a Zariya aka tura shi arewa maso gabas, wani aiki ya hau kaina a gidanmu, wato karanta wa mahaifiyarmu duk labarin da ya fito daga fagen daga. Hajiya tana sauraren rediyo safe da yamma, amma sanarwar rundunar soja da Turanci take fara fitowa, ita kuwa ba ta da haƙurin jiran fassara, don haka da zarar ta ji ana raɗe-raɗin an kai hari sai ta aiko a kira ni in duba waya. Na gama sakandare, na yi karatu gaba da ita, kuma ina karanta jaridar Turanci ba tare da wahala ba, saboda haka ban taɓa zaton akwai abin da zai gagare ni a cikin sanarwar da ba ta wuce layi goma ba.

Wani dare na karanta rahoton da ya ce dakaru sun yi artabu a yankin da muka san ƙanena yake, kuma a cikinsa akwai kalmar "casualties". Ban tsaya tunani ba na ce mata an kashe sojoji, domin a iya sanina ma'anar kalmar ke nan. Hajiya ba ta ce uffan ba, ta tashi ta yi alwala, kuma har aka kira sallar asuba tana kan darduma. Sai bayan kwana biyu ya samu damar kiran waya, lafiyarsa ƙalau. Da na ba shi labarin abin da ya faru sai ya ce, "Yaya, ai wannan kalmar ba gawa kaɗai take nufi ba, wanda ya ji rauni ma yana cikinta." Daga baya na bincika na tarar maganarsa gaskiya ce, har ma ta wuce haka, domin a wurin soja kalmar tana ɗauke da duk wanda aka rasa a cikin sahu, ko ya mutu, ko ya jikkata, ko an kama shi, ko ya ɓace ba a san inda yake ba. Misalin da ya zaunar mini da ita shi ne ranar farko ta gumurzun Somme a ƙasar Faransa, 1 ga Yuli, 1916, inda sojojin Birtaniya suka lissafa "casualties" 57,470 a yini ɗaya, waɗanda suka mutu a cikinsu kuma 19,240 ne. Wanda ya fassara adadin farko a matsayin mamata ya ninka gawawwakin kusan sau uku. Tun daga wannan makon na sayi littafin rubutu na ware shi domin kalmomin yaƙi kawai.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kalmomin da na tarar tuni suna cikin bakina ban sani ba. Soja daga "soldier" ya fito, kurtu daga "recruit", hafsa daga "officer", kofur daga "corporal", saje daga "sergeant", samanja daga "sergeant major". Bariki shi ne "barracks", fareti shi ne "parade", sintiri kuma asalinsa "sentry" ne, wato mai tsaron ƙofa, sai Hausa ta faɗaɗa shi ya koma zagayen tsaro. Dalilin wannan aro a tarihi yake. Tun 1863 wani jami'in Birtaniya mai suna John Glover ya kafa wata 'yar rundunar Hausawa a Legas, kuma da aka kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugard a 1897, Hausa ce ta zama harshen da sojoji daga ƙabilu dabam-dabam suke fahimtar juna da shi, har ta haifi irin Hausar nan da ake kira barikanci. A Yaƙin Duniya na Biyu runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau, shi ya sa har yau barikokinmu suke ɗauke da sunayen can, kamar Myohaung da Arakan a Legas, da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya. Kakanninmu da suka dawo daga wannan yaƙi sun dawo da Turancin soja a bakinsu, sun sarrafa shi yadda harshensu zai iya ɗauka, mu kuma muka gada ba tare da mun tambayi asalinsa ba.

Wannan gadon yana da wata fa'ida da ban ga littafin koyon Turanci ya ambata ba, ita ce tsofaffin sojojin da kunne suka koyi kalmomin, don haka Hausa ta riƙe furuci, ba rubutu ba. Ɗalibin da ya ga "colonel" a rubuce zai furta kowane harafi, alhali Bature ba ya furta ta haka. Kanar ɗin da muke faɗa ya fi kusa da daidai. Haka "lieutenant", wadda mutanen Ingila suke furtawa da sautin "f" da babu shi a rubuce, Amurkawa kuma ba sa sa shi, laftanar ɗinmu kuwa ya bi na Ingila. Akwai kuma "corps", wadda ba a furta haruffanta biyu na ƙarshe, kuma wanda ya furta su ya faɗi wata kalmar dabam mai ma'anar gawa. Yawancin waɗannan kalmomi Turanci ma aro su ya yi daga Faransanci, shi ya sa rubutunsu da furucinsu suka raba hanya.

Jerin muƙamai bai ba ni wahala ba sai a wurare biyu. Na farko, manjo yana sama da laftanar, amma laftanar janar yana sama da manjo janar, abin da ya daɗe yana ruɗa ni har sai da na gano cewa ainihin ma'anar "lieutenant" ita ce mai riƙe wa wani wuri, kamar muƙaddashi, don haka laftanar janar shi ne na kusa da cikakken janar, shi kuwa "major general" guntun tsohon suna ne, "sergeant major general". Na biyu, kyaftin na sojan ƙasa ƙaramin hafsa ne, amma kyaftin na sojan ruwa daidai yake da kanar. Wanda bai san wannan ba zai raina babban mutum a cikin fassararsa.

Sai kuma sunayen rukunin sojoji, waɗanda a Hausa mukan haɗa su duka mu ce runduna. "Platoon" mutum talatin ne ko kusa da haka, "company" ɗari da wani abu, "battalion" ɗaruruwa har zuwa dubu, "brigade" dubbai kaɗan, "division" kuma ta kai dubu goma ko fiye, ko da yake adadin yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Idan aka ce runduna ta 1 da ke Kaduna, ko ta 3 da ke Jos, ko ta 7 da aka kafa a Maiduguri a 2013, ko ta 8 da ke Sakkwato, "division" ake nufi. Sanin wannan ya taimake ni ƙwarai, domin idan rahoto ya ambaci sunan babbar runduna, nakan gaya wa Hajiya cewa mutum dubbai ne a ƙarƙashinta a wurare masu nisa da juna, ba lallai abin ya shafi inda ɗanta yake ba.

Wasu kalmomin ta hanyar labarinsu na riƙe su. "Admiral" daga amir na Larabci ta fito, "magazine", wato gidan harsashi, daga makhazin, ma'ajiyai. "Grenade", gurnetin da muka sani, sunan rumman ne a Faransanci saboda kamannin da suka yi. "Shrapnel", ɓarɓashin ƙarfen da bam yake watsawa, sunan wani hafsan Birtaniya ne, Henry Shrapnel. Tankar yaƙi kuwa ta samo sunanta ne daga ɓad da sawu, domin lokacin da Birtaniya take ƙera ta a asirce an bari mutane su ɗauka tankin ruwa ake yi, har aka fara amfani da ita a watan Satumba na 1916. Wasu kuma da tsohuwar Hausa na kama su, domin mu ma muna da tsarin yaƙi kafin zuwan Turawa: "infantry" su ne dakaru masu tafiya a ƙasa, "cavalry" su ne barade a kan dawaki, "armour" kuma asalinsa irin su sulke da lifidi ne kafin ya koma motoci masu sulke. "Ambush" kwanton ɓauna ne, "siege" kuma ƙawanyar da ake yi wa gari mai ganuwa har yunwa ta buɗe ƙofa. A nan Hausa ba ta bukatar aron komai.

Inda na fi daɗewa shi ne kalmomin da suke bayyana tsayawar yaƙi, domin mu tsagaita wuta muke cewa mu wuce, Turanci kuwa ya rarraba. "Truce" ɗan dakatawa ne, wani lokaci na 'yan sa'o'i domin a kwashe waɗanda suka jikkata. "Ceasefire" yarjejeniya ce ta daina harbi, wadda za ta iya ɗorewa ko ta wargaje gobe. "Armistice" yarjejeniya ce a rubuce ta kawo ƙarshen faɗa, amma ba ta warware rikicin ba, wannan sai "peace treaty", wato yarjejeniyar zaman lafiya. An daina harbi a Yaƙin Duniya na Ɗaya ranar 11 ga Nuwamba, 1918, amma sai 28 ga Yuni, 1919 aka sa hannu a yarjejeniyar Versailles. A Koriya kuwa an sa hannu a "armistice" ranar 27 ga Yuli, 1953, kuma har yanzu ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin Arewa da Kudu ba. Ga iyalin da ɗansu yake bakin daga, tazarar da ke tsakanin waɗannan kalmomi ita ce tazarar da ke tsakanin hutun kwana biyu da dawowa gida.

Akwai kuma wani rukuni da yake damuna har yanzu, wato kalmomin da aka ƙirƙira domin a faɗi mummunan abu ba tare da mai sauraro ya ji nauyinsa ba. Idan sanarwa ta ce an "neutralize" mutum goma, galibi kashe su aka yi, ko da yake wasu rundunoni suna haɗawa da waɗanda aka kama ko suka miƙa wuya. "Collateral damage" a zahiri ɓarna ce ta gefe, amma sau da yawa fararen hula ne da suka mutu, mata da yara da tsofaffi. "Friendly fire" babu wata abota a cikinta, soja ne ya harbi ɗan uwansa bisa kuskure. "Retreat" da "withdrawal" duka ja da baya ne, sai dai ta farko tana ɗauke da ƙanshin shan kashi, ta biyu kuma tana nuna an tsara abin, don haka kowace runduna a duniya ta biyun take zaɓar wa kanta, ta farkon kuma ta bar wa abokin gaba. Haka sunayen da ake ba masu ɗauke da makamai: "rebels" 'yan tawaye, "insurgents" masu tayar da ƙayar baya, "terrorists" 'yan ta'adda, "bandits" 'yan bindigar daji, "gunmen" kuma ita ake sawa idan ba a san ko su wane ne ba. Kowace ɗaya hukunci ce da marubucin ya yanke. Ra'ayina shi ne mai koyo ya rubuta ma'ana biyu a gaban irin waɗannan kalmomi, abin da ƙamus ya ce da abin da ya faru a ƙasa, domin Hausa ba ta da irin wannan lulluɓin, kuma ban ga dalilin da zai sa mu ƙirƙiro mata shi ba. Idan mutane ne suka mutu, a ce mutane sun mutu.

Hanyar da nake bi ba ta da wuya. Nakan ɗauki labari ɗaya in karanta shi da Turanci, sannan in saurari yadda sashen Hausa na BBC ko na Jamus ya kawo shi, in lura da kalmar da suka zaɓa. Ta haka na koyi cewa "missile" makami mai linzami ne, "drone" jirgi marar matuƙi, "artillery" manyan bindigogi irin su igwa, "landmine" kuma nakiyar da ake binnewa. Ba na rubuta kalma ita kaɗai, sai da jimlar da na same ta a ciki, domin "shell" a bakin teku ɓawo ne, a fagen daga kuwa harsashin igwa ne. Abin da ya gagare ni kuma nakan ajiye shi har ƙanena ya zo hutu in tambaye shi.

A shafin farko na littafin na rubuta jimloli uku da nake fara nema a kowace sanarwa kafin in buɗe baki: "killed in action", wanda aka kashe a fagen daga, "wounded in action", wanda ya ji rauni, "missing in action", wanda ba a gan shi ba. Yanzu idan Hajiya ta aiko a kira ni, sai na karanta rahoton sau biyu a zaure kafin in shiga ɗakinta. In gaya mata sunan garin da nisansa da inda ɗanta yake, in gaya mata adadin waɗanda suka rasu idan an faɗa, da na waɗanda suka jikkata idan an faɗa. Idan kuma "casualties" kawai aka rubuta, nakan ce mata, "Hajiya, an samu waɗanda abin ya shafa, amma ba su rarrabe ba tukuna." Sai ta yi wa waɗanda abin ya shafa addu'a, ta ce in sake dubawa bayan sallar isha'i.