Na Sayi Ƙarfin Doki, Na Manta da Bakanike

Da ƙarfe goma na dare na gwada motar, a hanyar Zariya, titi fayau ba kowa. Dillali yana gefena yana ta zuga ni: "Taka ta, Alhaji, ba ta da tsoro." Na taka totur, tarbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) ya yi fito, bayana ya manne da kujera, giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya ko gargada babu. Minti goma muka yi. Kafin mu juyo na riga na saye ta a zuciyata. Ba zan faɗi sunanta ba, don laifin ba nata ba ne. 'Yar Turai ce mai ƙofa huɗu, fulogi huɗu da tarbo, da giyar nan mai kuloci biyu. Saboda ita na rabu da tsohuwar motata mai fulogi shida da giyar hannu, wadda ba ta taɓa kwana a gareji ba.

Ƙannena masu son mota, a lokacin ni ma irinku ne. Na haddace alƙaluma kamar karatun allo, kullum ina YouTube ina kallon Turawa suna musu. Musun nasu kuwa yana da tushe. Dokokin rage hayaƙi sun sa kamfanoni suna ƙanƙanta inji su ɗora masa tarbo, yanzu har da batir. Ku dubi Mercedes-AMG C63. A 2008 injinta fulogi takwas ne, lita 6.2, babu tarbo, in ta yi gurnani sai unguwa ta sani. A 2015 aka rage shi zuwa lita 4 da tarbo biyu. A 2022 kuma aka fito da sabuwa mai fulogi huɗu, lita 2, haɗe da injin lantarki. Ƙarfinta doki 680, ya zarce na duk magabatanta, amma nauyinta ya haura tan 2, muryar kuma ta tafi, sai masoya da yawa suka juya mata baya. Shi ya sa har yanzu ake rububin irin Cadillac CT5-V Blackwing mai fulogi takwas da giyar hannu, da Lexus IS 500 mai lita 5 babu tarbo.

Ni kuwa ina majalisa ina ɗaga jijiyar wuya a kan wannan, kamar da ni ake. Su Turawan murya da nauyi suke wa kuka. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: wane mai za ta sha a Kano, kuma wa zai kwance ta in ta yi ciwo?

Mu fara da man. A Turai gidan mai yana ba ka zaɓi, kuma irin waɗannan injina mai lamba 95 ko 98 ake so a ba su. Mu famfo ɗaya ne, abin da ya zo shi za ka sha. Injin tarbo yana matse iska da zafi, in man bai kai ba sai ya riƙa kamawa kafin lokacinsa, injin ya soma ƙwanƙwasa. Ƙwaƙwalwar motar tana ji, sai ta rage masa ƙarfi don ta cece shi. Ka haɗa da zafin Afrilu, da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Dawakin da na biya kuɗinsu, da rana wasu ba sa fitowa daga barga.

Giya ce ta fi ba ni kashi. Yadda take aiki abin sha'awa ne: kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da 3 da 5, ɗayan yana riƙe da ta 2 da 4 da 6, kafin ka bar wannan waccan ta riga ta shirya. A buɗaɗɗen titi babu kamarta. To amma kuloci kuloci ne, ko da kwamfuta ce ke taka shi. Shiga cunkoson Bata zuwa 'Yan Kura da azahar, adaidaita sahu gaba da baya, kana sakin birki kaɗan-kaɗan motar tana jan ciki, daidai yake da wanda ya ɗora ƙafa rabi a kan kuloci na tsawon awa guda. Wata na huɗu ta fara karkarwa in zan tashi. Ko BMW da kanta, da ta fito da M3 ta 2021, ajiye mai kuloci biyu ta yi, ta koma otomatik ta kamfanin ZF mai giya takwas, wadda mai ne ke haɗa ta da inji in ana tafiyar hawainiya, ta kuma bar giyar hannu ga masu so. Na karanta wannan labarin, ban ɗauki darasin ba.

Daga nan na shiga yi wa kaina ɓarna da hannuna. Wani yaro a gareji ya ce man giya ne ya mutu. Na tambayi kuɗin na ainihi, na ji kamar an mare ni, sai na ce a zuba na otomatik na gama-gari, ai duk mai ne. Araha ba ta ado. Wannan giyar nata man daban ne, shi ke sanyaya kulocin, shi ke tafiyar da ƙwaƙwalwarta. Da allurar zafi ta ɗan ɗaga kuma, na yarda aka yi mata abin da ake yi wa kowace mota a garin nan: a cire tamostat mai daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Wannan dabarar a kan Fijo 504 ɗin iyayenmu aka koye ta. Injin zamani an ƙera shi ne ya yi aiki a wani zafi da aka ƙayyade, in bai kai ba sai ya yi ta zuƙar mai. Ranar da ta tsaya cak a Gadar Lado, janwe ne ya kai ta gida, yaran layi suna bin mu a baya.

Wani dattijon bakanike aka kai ni wurinsa, mai kwamfutar gwaji. Ya tsoma yatsa a man giyar, ya shinshina, ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, wa ya zuba maka wannan?"

"Ni na ce a zuba, Baba."

"To ai ba mota za a gyara ba." Ya goge hannunsa. "Kayan nan babu su a Ƙofar Ruwa. Sai kasuwar Ladipo ta Legas, in an yi sa'a."

Ba a yi sa'a ba. Wata bakwai tana ƙarƙashin tamfol, ana cikin haka aka cire tallafin mai a Mayun 2023, Naira ta faɗi, kuɗin kayan da nake jira daga waje ya tashi ina kallo.

Ban ce kada ku so mota mai zafi ba, ni ma har gobe in na ji kukan fulogi takwas sai na waiga. Amma kafin ku je wurin dillali, ku fara zuwa wurin bakaniken da zai riƙe ta, ku tambaye shi irinta nawa ya taɓa kwancewa. Ku ji kuɗin man giyarta da baƙin manta na ainihi, ku ga ko aljihu zai ɗauka ba tare da an fara neman "makamancinsa" ba. A sa mata kwamfuta a gabanku, injin yana da sanyi. Mai batir da injin lantarki kuwa, in ba ku ga wanda ya iya ta da idonku ba, ku bar ta a YouTube.

Da aka gama gyaran na sa ta kasuwa. Wani matashi ya kira, ya ce zai zo bayan isha'i ya gwada. Na ce a'a, ƙarfe biyu na rana. Na sa shi ya bi ta Bata, muka yi kusan awa guda muna jan ciki, ina ba shi labarin man giya tiryan-tiryan. Yana ta gyaɗa kai. Muna samun sarari a titin Murtala Muhammad ya taka totur, tarbo ya yi fito, na ga haƙoransa a waje. Ko ragi bai nema ba.